Fankokin Ramla a Rumbun Jimrau

Ranar da kamyon Maraɗi ya sauke wa Ramla fankokinta biyu, hadari ya riga ya haɗo daga gabas. Ramla matar yayana Jimrau ce, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, kuma hayaƙin ɗakin suyarta ya kusa cinye mata idanu. Fankokin ba irin na shan iska ba ne, manya ne, irin waɗanda ake kafawa a bango su zuƙe hayaƙi su fitar waje. Sai murna take, tana zagaya kwalayen tana shafawa.

Ta kira Issa mai aikin kuran, wato wutar lantarki, wanda zai kafa su. Ya ce yana Kornaka, sai wani sati. Ya ja mata kunne: kada ruwa ya taɓa su, kada a aje su a ƙasa, kada a ɗora musu komi, kada a kama fukafukan wurin ɗauka.

To, ina za a sa su? Ɗakin suya duk maiƙo ne, ba ko ƙyaure. Ɗakin Ramla kuwa, in ana ruwa kwano uku take tarawa. Wuri ɗaya ne a gidan busasshe, a ɗage bisa duwatsu: rumbun Jimrau.

Nan gabana ya faɗi. A wurinmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Ni kuma na san abin da ke cikin wannan rumbu, wato ba komi. Tun bazara geron ya ƙare, yayana yake zuwa kasuwa a ɓoye ya auno, ya bi ta bayan rumbu ya fito yana kakkaɓe riga, wai daga ciki ya ɗebo. Mutum da furfurarsa!

“Malam,” in ji Ramla, “a ara mini rumbu.”

Jimrau ya dubi sama, ya dubi ƙasa. “Ai cike shike.”

“Yaya, ji tsoron Allah,” na ce.

Ya harare ni. Iska ta taso ta kwashe zanen da ke kan igiya, ɗigon farko ya sauka bisa kwali. Ramla ta cire mayafinta ta rufe kwali ɗaya, ɗayan kuma ta rungume shi. Wallahi tausayinta ya kama ni, shekara nawa tana jiran abin nan.

Shi ma ya gani. Ya kira maƙwabcinmu Ango, suka ɗaga jinkar rumbun. Jimrau ya tsaya gefe, kansa a sunkuye.

“Zo ki gani da idonki,” ya ce mata.

Ramla ta leƙa. Kara ne kawai da kashin ɓera. Ta ce a share, a shimfiɗa buhu. Muka tallabo fankokin ta gindi, muka jingina su a tsaye, aka mayar da jinka. Muna shiga zaure ruwa ya kece.

Jimrau ya samu wuri ya zauna. Can ya ce, “Kin dai gani.”

“Malam, tun yaushe na sani.”

“Wa ya gaya miki?” Ya juyo kaina.

“Bar ta, ba ita ba ce. Damma muka zuba a rumbu da kaka, kai kuwa wata uku kana kawo mini tsaba. Wane rumbu ne ke sussuka da kansa, har ya sheƙe?”

Ango ya fara ƙyalƙyatawa, ni na bi, har na riƙe ciki. Jimrau ya daure, ya daure, shi ma dariyar ta ƙwace masa.

“Kika bar ni ina ta zagaye?”

“To ai na huta da sussuka,” in ji Ramla. “Gobe ka shigo da shi ta ƙofa, Malam. Ƙayar bayan rumbun nan ta gama maka riguna.”