Ranar da Kwamfutar Mu'minat Ta Yi Shiru

Duk wanda ya daɗe a Jibiya ya san Badamasi Mai Rediyo. Shekara arba'in ya yi a bakin tasha da ɗan teburinsa, yana tayar da rediyoyin da masu su suka riga suka fid da rai. Bai taɓa zama a aji ba, amma direbobin Maraɗi har layi suke yi a gabansa. Mota ta kife da shi ya fito yana kakkaɓe riga. Kwalara ta kwantar da shi, ta gaji ta tafi. Lantarki ya ja shi sau uku. Ko ba ka tambaya ba zai ba ka labarin, ya nuna maka tabon.

To, ranar wata Talata ce jikarsa Mu'minat za ta yi intabiyu da makarantar koyon aikin jinya, ƙarfe goma na safe. Sun rubuto cewa da kwamfuta za a yi, ba da waya ba, kuma wanda aka kira bai amsa ba sai baɗi. Ubanta Sadiq ya saya mata kwamfutar kafin ya tafi da lodin hatsi, tana ajiye a falo.

Ƙarfe tara ta kunna don ta gwada. Hoto tangaram, amma sauti ko ƙis.

"Kaka, ta daina magana!"

"Kwantar da hankalinki, amarya," in ji Badamasi, yana naɗe hannun riga. "Ina raye wani ƙarfe zai yi maki shiru?"

Ya ɗaga kwamfutar ya kara a kunne, ya shinshina ko zai ji ƙauri, ya ɗan bubbuga mata a baya kamar yadda yake yi wa rediyo. Shiru. Sai ya waiga ya ga surukarsa Khadijatu, uwar yarinyar, tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu.

"Ke, da mi kike goge ta?"

"Da wannan ne, Baba. Amma sai na matse shi sosai."

"Shi ke nan! Ruwa ya shiga. Sau nawa zan faɗa, kayan wuta ba tukunya ba ne? Ga shi kin kashe wa ɗiyarki karatu da tsumma."

Khadijatu ta sunkuyar da kai ta koma madafa.

Mu'minat ta buga wa Uwaisu, mai shagon gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa. Tara da rabi sai ga shi a kan babur, ya tuɓe takalmi ya gaida tsoho.

"Baba, ashe akwai abin da ya fi ƙarfinka?"

"Na riga na gano ciwon, ruwa ne. Hannu kawai na kira."

Uwaisu ya zauna. Ya duba ko an rufe sautin ne, ba a rufe ba. Ya ƙure ƙara. Ya kashe ya sake kunnawa. Ya ce bari ya sauko da manhajar sauti sabuwa, sai wayarsa ta kama layin Nijar, kamar yadda takan yi a nan bakin iyaka, abu ya tsaya cik. Goma saura kwata.

"Abin da ke ɗaure mani kai," in ji Uwaisu, yana nuna wani ɗan zane a ƙasan fuskar kwamfutar, "cewa take akwai iyafis a jikinta, abin sawa a kunne. Can take tura sautin. Ga shi kuma babu komai."

A nan Badamasi ya tuna abin da ya yi.

Shekaranjiya da hantsi yana zaune shi kaɗai a falon, ya ga zanzaro yana shawagi a gefen kwamfutar, yana leƙa wani ɗan rami a jikinta, inda ake sa iyafis. Shi kuwa ya san aikin zanzaro. Rediyo nawa aka kawo masa ramin ya cushe da laka? Maganin da ya saba yi tun yana saurayi shi ya yi: ya naɗa auduga a tsinken ashana, ya tura cikin ramin, ya karye shi daidai baki don kada ya ɓata kyan abin. Har yaba wa kansa ya yi.

Ya dubi ramin ta wutsiyar ido. Ga kan tsinken can, sai wanda ya san da shi zai gani.

Idan ya yi shiru, Uwaisu zai tafi da ita shago ya gano, ya ce wani yaro ne ya yi wasa. Babu wanda zai kawo Badamasi Mai Rediyo a ransa. Daga madafa yana jin Khadijatu tana jan hanci a hankali, tana kankare tukunyar da ba ta bukatar kankara.

"Sai dai a kwance ta," in ji Uwaisu. "Gobe in sha Allahu."

"Gobe?" Mu'minat ta dubi agogon bango. Saura minti shida. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa.

Tsoho ya laluba aljihu ya fito da ɗan hantsakinsa na aiki, wanda bai taɓa rabuwa da shi ba.

"Matsa, Uwaisu."

Ya kama kan tsinken ya zaro, da audugarsa. Nan take waƙar da Uwaisu ya kunna don gwaji ta fashe da ƙara har Uwaisu ya zabura.

"Kai! Wane shaiɗanin ya cusa wannan?"

"Ni ne," in ji Badamasi. "Ni na sa. Don zanzaro."

Uwaisu ya danne dariya da tari. Mu'minat ba ta ko dube su ba, ta share ido ta gyara mayafi. Goma da minti ɗaya wata murya ta fito ras daga sifika: "Mu'minat Sadiq, kina jin mu?"

"Ina ji, ranki ya daɗe."

Suka fice suka ba ta wuri. Uwaisu ya hau babur yana cewa, "Baba, ni dai ban ga komai ba." Wannan ya fi zagi ciwo.

Badamasi ya daɗe a tsakar gida, tsinken yana tafin hannunsa. Sannan ya taka zuwa ƙofar madafa, inda bai taɓa tsayawa ba tunda aka kawo Khadijatu gidan.

"Khadijatu. Ba tsummanki ba ne. Na ɗora maki laifi a gaban ɗiyarki, alhali nawa ne. Ki yafe mani."

"Haba Baba! Don Allah ka bari." Ta juya baya, kunya ta fi kama ta a kansa. "Ba komai, wallahi."

Daga falo yana jin jikarsa tana amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, muryarta ba gargada. Ya miƙa hannu ta gefen surukarsa ya jefa tsinken a murhu. Sai kuma ya tuna, ya yi gyaran murya.

"Rediyonki na ɗaki ma, kawo shi. Akwai wani tsinken a cikinsa."