Aku ta ƙi tambaya

Ranar da Tela ya taka wata 'yar motar roba ba takalmi, har ya kusa kifar da keken ɗinkinsa, ranar ya yarda cewa falon nan ya fi ƙarfinsa. Kayan wasa ko'ina: ƙarƙashin kujera, cikin takalma, har cikin kwandon ƙyallayensa. Mai kayan kuwa 'yarsa ce tilo, 'yar shekara huɗu, wadda ake kira Aku saboda bakinta ba ya hutawa. Uwarta ta tafi ƙaro karatun jinya a wani gari mai nisa, ta bar su su biyu.

Yayarsa ce ta kawo dabara. Ta tarar da shi yana ɗingishi, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai dai yanka yadi ka iya, rage kaya ya gagare ka. Kwashe rabi ka zuba a kwali, ka ɗora kan kabad ba ta sani ba. Wanda ta nema, ka sauko mata da shi. Wanda ba ta nema ba, ba ta so ke nan. Ƙarshen wata zan zo in tafi da su, akwai yaran da za su yi murna."

"Haba Yaya, Aku fa? Ai kafin in rufe kwalin ta tambaye ni sau ba adadi."

"To, ma gani."

Da safe, tana makaranta, ya yi aikin. Giwa mai kunne ɗaya ta shiga kwali, jirgin ƙasa ya bi ta, sai 'yar tsanar da shi da kansa ya ɗinka wa riga da ragowar yadi. Sauran ya zuba su cikin kwando a bakin ƙofa.

Da ta dawo ta tsaya kan kwandon, ta leƙa, ta ɗaga wannan ta ɗaga wancan. Tela ya yi kamar yana fama da zare da allura, kunnensa kuwa yana wajenta. Ta buɗe baki, sai kuma ta rufe. Ta ɗauki motarta ta zauna.

Ikon Allah! Ko uffan.

Ya koya mata sabuwar doka: kafin a ci abinci, kowa ya koma kwando. Ta karɓa da zumuɗi, tana kiran kowanne da sunansa tana ce masa ya yi sauri. Falo ya yi fes. Ya kamata Tela ya ji daɗi, amma abin sai ya tsaya masa a rai. Yarinyar da ke tambayarsa dalilin da ya sa kaza ba ta da haƙora, da inda zare yake zuwa in ya shige cikin keke, ita ce za ta manta da giwar da take goyawa da ɗankwali? Rannan ya gwada ta.

"Aku, wa ke da dogon hanci?"

"Gwaggo," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Sai ya koma lura. Ya ga in ta jera kayan wasan a tabarma za ta ba su abinci, takan bar giɓi tsakaninsu, ta ajiye murfin kwalba a gaban wurin da ba kowa. In lokacin kwashewa ya yi kuma, sai ta cusa su duka gefe guda na kwandon, ta bar ɗaya gefen fayau. Ya yi ta juya abin a ransa har ya ɗinka wa wata riga hannu a baibai.

Ƙarshen wata Yaya ta zo kamar yadda ta ce. Aku na ɗaki tana wasa. Yaya ta sauko da kwalin, ta ɗaure shi da ƙyalle.

"Ka gani ko? Ba ta nema ba."

"Dakata tukuna, Yaya."

Ya shiga ɗakin ya durƙusa kusa da tabarmar, ya nuna wani murfi. "Wannan abincin wa ne?"

"Na Giwa."

"Ina Giwar take?"

"Ta yi tafiya. Da ita da jirgi da 'yar tsana."

"To me ya hana ki tambaye ni?"

Ta kalle shi kamar shi ne yaron. "Abba, ai ba a tambaya. Kai ka ce in ana yawan tambayar wanda ya yi tafiya, sai ya daɗe bai dawo ba."

Tabbas shi ya faɗa, farkon tafiyar uwarta, wata rana da ɗinki ya yi masa yawa, ita kuma ta dame shi da "yaushe, yaushe". Ya faɗa ne don ya samu sarari, ya manta. Da ta daina tambaya har hamdala ya yi, yana cewa yarinya ta saba. Wallahi kunya ta rufe shi, da tausayi.

Yaya na bakin ƙofa, ta ji komai. Ta jawo kwalin ciki ta kwance ƙyallen. Aku ta leƙa, ta zaro giwar ta rungume, fuskarta ta washe.

"Ka gani, Abba? Ban tambaya ba, ga shi sun dawo da wuri."

"A'a, Aku." Ya dafa kafaɗarta. "Ba tafiya suka yi ba, ni na ɓoye su a kan kabad. Maganar nan da na faɗa miki kuma ba gaskiya ba ce. Tambaya ba ta hana kowa dawowa. Ki yi ta tambaya, ko ina ɗinki."

Ta daɗe tana dubansa, ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta gyaɗa mata kai. Sannan ta sa hannu ta toshe wa giwar kunnenta ɗayan nan, ta matso kusa da shi, ta rage murya.

"Abba, yaushe Umma za ta dawo?"