Kwabban Ƙarƙashin Bango

"Aje tokar nan! Husaina, aje ta!"

Husaina ta saki soson a firgice. Baba Namadi ne tsaye a tsakar gidanta, dafe da bango, mutumin da ya yi wata biyu ciwon ƙirji bai bar shi ya taka waje ba. Katanga ɗaya ta raba gidajensu a Gummi. Shekara talatin ya yi a Kaduna yana sayar da tsofaffin kayan tarihi, kafin tsufa ya maido shi gida.

Ruwan jiya ne ya kayar mata da ɗaki, aka tsinci 'yar tukunya a gindin ginin, cike da kwabban Turawa masu huji, duk sun yi kore. Tun hantsi unguwa ta ɗauka, har da masu rantsuwa zinari ne. Mai sayen ƙarafa ya zo da sikeli ya ce a kilo zai saya. Ita kuwa ta zauna dirza su, ko ya ƙara mata abin da za ta ta da ɗakin marayunta.

"Nawa kinka goge?"

"Bakwai, Baba."

"Kin kashe bakwai. Masu sonsu da dattinsu suka sonsu. Kawo tabarma da faifai uku, ki sallami mai sikelin ga."

Ya zauna yana haki yana murmushi. Kowane kwabo sai ya shafa shi da babban yatsa, ya karkata shi ga rana. Wanda kambi da tauraronsa suka fito raɗau, ya ce wannan mai ido ne. Wanda rubutunsa ya fara shafewa, mai gyangyaɗi. Wanda ya suɗe ko hujinsa ya tsage, makaho.

Matarsa Amariya ta biyo shi da faɗa da kwanon kunu. Ya shanye tas, abin da ya gagara mako guda.

Kwana uku ana haka, mata na leƙe ta katanga. A na uku, bayan azahar, ya yi wata ƙara.

"Allahu akbar! Husaina, taho ki gani!"

Ya ɗaga wani kwabo. Ya nuna mata sunan sarkin Ingila a fuska ɗaya, ya juya ya nuna shekara. Sarkin, in ji shi, ya rasu shekara huɗu kafin a buga wannan kwabo. Masu bugawa ne suka yi kuskure, kuskuren kuma shi ne tsadarsa.

"Tun ina saurayi nika jin labarinai, ban taɓa riƙe shi ba sai yau!"

Amariya ta rangaɗa guɗa. Husaina ta ɗauki hoton kwabon da waya, aka tura wa Sagir, abokin sana'arsa na Kaduna. Ba a yi minti biyar ba ya kira, ya ce kada a bar kowa ya taɓa, yana nan tafe ran Juma'a.

"Kin ga rufin ɗakinki, ɗiyata," in ji Baba, yana dariya har tari ya sarƙe shi.

Ran Alhamis da safe Husaina na shimfiɗa masa tabarma ta ji salatin Amariya ta bayan katanga. Ta tsaya riƙe da gefen tabarmar, ta kasa sakinta.

Sagir ya zo ciniki ya tarar da zaman makokin Baba. Ya yi ta'aziyya, ya duba faifan nan uku bai sauya wa ko kwabo ɗaya faifai ba. Abin da ya biya ya ta da ɗaki har da rufin kwano.

Ranar da magina suka gama, Husaina ta tarar da kwabbai tara a gindin tukunya, waɗanda Baba bai kai gare su ba. Ta zauna a bakin sabuwar ƙofa, ta ɗauki ɗaya, ta karkata shi ga hasken la'asar.