Rai Uku a Shagon Jibirilu

Ranar da Jibirilu ya buɗe shagon wasan talabijin a Nima, sai ya zaunar da mahaifinsa, Baba Ishawu, tsohon sojan yaƙin Burma, don ya ga wasan da aka yi a kan yaƙinsu.

Tsoho ya ƙura ido yana neman baƙar fuska ko ɗaya, irin ta amininsa Mahama da ya binne a dajin can. Duk Turawa ne. Aka harbe wani soja, sai ga shi ya miƙe garau.

Jibirilu ya ce, "Rai uku gare shi, Baba. In an yi shi yadda ya faru, wa zai buga?"

"Mu rai ɗai-ɗai aka ba mu," in ji tsoho.

Ya buɗe baki zai ba da labarin Mahama, sai ya lura samarin da ke tsaye kujerarsa kawai suke jira. Ya tashi ya ba su.