Kujerar Baya

Hamad ya sunkuya ya ɗauki matarsa daga kan matakalar bene inda ta zube, kuma tun kafin ya miƙe hannuwansa sun riga sun auna ta. Ta ƙara raguwa. Wani ɗan daɗi ya ratsa shi, sannan tsoro ya biyo baya.

"Sauke ni, Kaftin," in ji Awadiyya. "Jiri ne kawai. Mutane na kallo."

"Su yi ta kallo."

Haka ya fito da ita har bakin titi. Mai gadin gidan ya tare musu ƙaramar bas, mikrobas, mai zuwa Wustul Balad a tsakiyar birnin Alƙahira, inda wata likita 'yar Sudan take duba mutanensu. Wani ɗalibi ya matsa ya ba ta gefen taga, ta jingina kai da gilashi ta rufe ido.

Auna mutane tsohuwar sana'ar Hamad ce. Kafin yaƙi ya kore su daga Sudan, ya yi shekaru yana tuƙa ƙaramin jirgin sama tsakanin ƙauyukan kudancin Sinnar da damina, lokacin da laka ke cinye hanyoyi. Ya kai magani, ya ɗauko mai doguwar naƙuda ko wanda maciji ya sara. Filin sauka a can gona ce da aka share, ga gajarta, ga itatuwa a ƙarshenta. In rana ta take jirgi ba ya son barin ƙasa, ɗan bambancin nauyin kaya ke sa a tsallake giginya ko a ci karo da ita. Don haka ya koyi duban mutum sau ɗaya ya san nauyinsa. Ya sha barin buhunan hatsi a fili. Ya sha ɗaukar maras lafiya ya bar mai jinyarsa a ƙasa tana kuka, kuma bai taɓa ganin ya yi laifi ba.

A Alƙahira gyaran injin famfo yake yi a gidajen unguwar Hay el-Sabi'. Amma a saman benen da suke haya, ƙarƙashin tamfol, akwai gangar jirgi mai kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, wadda ya haɗa da hannunsa daga bututun ƙarfe. Maƙwabta sun ɗauka ɗakin tantabaru yake ginawa, shi ma bai gyara musu ba. Ya san ba za a bar shi ya tashi a nan ba. Shirinsa in an daina harbi ya kwance ta, ya loda a babbar mota zuwa garinsu Mai Wurno. Kujerar baya ta Awadiyya ce. Duk shekarun da ya yi yana tashi bai taɓa ɗaukarta ba, kullum akwai wanda ya fi ta bukata.

Wayarsa ta yi ƙara suna cikin cunkoso. Tarig ne, dillalin tsofaffin injuna.

"Ya Kaftin, yau fa ranar ce. Mai injin motar ya sami wani mai saye, mai ƙaramin kuma da yamma zai koma bakin teku da kayansa. Zaɓi amarya ɗaya, ba a haɗa yaya da ƙanwa."

"Ina hanyar asibiti. Zan kira ka."

"Allah ya sawwaƙe. Kafin la'asar dai, tamam?"

Injuna biyun nan sun daɗe suna hana shi sukuni. Na farko an ciro shi ne daga wata ƙaramar mota da ta yi haɗari. Yana shan kowane irin fetur, ba ya tsoron zafi ko ƙura, kowane bakanike a ƙauye zai iya buɗe shi. Sai dai da tankin ruwansa da duk tarkacensa, nauyinsa ya cinye kason mutum guda. In ya sa shi, kujerar baya ta zama ado. Na biyun ƙarami ne, daga irin jiragen da ake yawo da baƙi a bakin teku, mutum ɗaya zai rungume shi ya ɗaga. Ana gauraya masa mai da fetur, yana da kuka kamar na zarto, kuma irinsa kan mutu a sama ba sallama. Shi zai iya ɗaga mutum biyu, muddin na biyun ba shi da jiki.

Awadiyya kuwa mace ce mai jiki, ko kuma a ce a da. Tun bara Hamad ya fara yi mata maganar rage cin tuwon asida da wainar kisra, ya rage mata sukari a shayi. Duk Juma'a in sun fito sai ya tsayar da ita a kantin magani, ya jefa tsaba a ma'auni, ta hau. Da farko allurar ta ƙi motsi. Daga baya ta fara sauka, ta ci gaba da sauka ba tsayawa, shi kuma yana tafa mata a gaban mai kantin yana cewa saura kaɗan.

Dakta Sulafa ta daɗe da ita a bayan labule. Ta duba idonta, ta danna cikinta, ta shafa mata mai ta ɗora na'urar hoto. Da ta fito ba ta zauna ba.

"Ammu," ta kira Hamad, wato baffa, "tun yaushe take ramewa?"

"Tun bayan ƙaramar salla."

"Kamar nawa ta rasa? Ko da ƙiyasi ne."

"Kilo goma sha tara," in ji Hamad. "Da na wannan makon, ashirin."

Likitar ta ajiye alƙalaminta. "Ka auna ke nan."

"Duk mako."

"Duk mako kana auna ta, kana gani da idonka, ba ka kawo ta ba?"

"Rage cin abinci take yi. Mun shirya ne, saboda..." Ya tsaya. Bai ga yadda zai ambaci jirgi a wannan ɗakin ba.

"Wanda ke rage abinci yunwa yake ji, Ammu. Ita ta ce min rabonta da jin yunwa ta manta. Cokali biyu take yi ta ƙoshi, sauran ta amayar." Ta rage murya. "Akwai ƙari a cikinta, kuma na ga alamarsa a hanta. Zan tura ku babban asibiti su tabbatar. Amma ba zan ɓoye maka ba, da lokacin da ka fara aunawa ka zo, da maganar da za mu yi daban ce."

Suka fito suka zauna a kan benci a farfajiya, suna jiran takardar turawa. Wata mata na gefe tana ɓare wa ɗanta lemo. Awadiyya ta gyara tobinta, lulluɓin matan Sudan, wanda yanzu yake zagaye ta har ya yi saura.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?" in ji shi.

"Me zan faɗa maka da ba ka sani ba? Ai ka fi ni sanin jikina. Ni ban san kilo nawa nake ba sai na tambaye ka."

"Amai fa? Ciwon fa?"

"Banɗakinmu ba ƙofar kirki gare shi ba, Kaftin. Kana ji. Sau ɗaya ka tambaya, na ce maiƙo ne, ka ce to ai gara, maiƙo ba shi da amfani."

Ya tuna ranar. Yana zaune a ƙasa da zanen fiffike a gabansa, bai ko ɗago kai ba.

"Da farko na so in faɗa," ta ci gaba, muryarta ba fushi a ciki, abin da ya fi yi masa zafi ke nan. "Sai na ga tunda muka baro gida ban ga haƙoranka ba sai a gaban ma'aunin nan. Na ce bari in bar shi. Daga baya kuma na ce bari in ga iyakar abin. In ga ko akwai lambar da allurar za ta nuna ka ji tsoro."

"Kin kashe kanki don ki gwada ni?"

"Ma'alish, ka yi haƙuri. Ban san zai kai haka ba. Kai ma ba ka sani ba." Ta dube shi. "Amma da safen nan da ka ɗauke ni, na ga fuskarka."

Ya nemi abin da zai kare kansa da shi, ya tarar duk abin da ya yi don ita ya yi shi. Don ta hau jirgin ya rage mata sukari. Don ta hau ya yarda zai ɗora ransa a kan injin da bai amince da shi ba. Ya jujjuya wannan a ransa, bai ga inda ya karkace ba, kuma ga ta nan zaune kusa da shi idonta rawaya.

Wayar ta sake ƙara.

"Ɗauka mana," in ji Awadiyya. "Mutumin nan tun safe yake fama."

"Ba yanzu ba."

"In ba yanzu ba duka biyun za su tafi, ka zo ka zauna min a gida kana huci. Ɗauka."

Ya tashi ya tafi ƙarshen farfajiya, wajen taga, ya juya mata baya.

"Khalas, jira ya ƙare, ya Kaftin, la'asar ta kawo kai," in ji Tarig. "Wanne?"

Hamad ya kalli titi a ƙasa, motoci sun cushe ba mai motsi. In ya ce ƙaramin, ya sayi injin da zai iya yar da shi a daji saboda kujerar da ba mai zama a kanta. Kowane matuƙi zai kira wannan hauka. In ya ce babban, ya binne ta tana zaune a kan benci. Zai iya cewa ya fasa duka, ya sani. Ya buɗe baki da niyyar faɗin hakan.

"Na motar," ya ce a hankali.

"Mabruk, barka! Wallahi ka yi hankali, wannan zai kai ka ya dawo da kai. Ita Hajja sai ta bi ta ƙasa, ka riga ta isa ka dafa mata shayi." Tarig ya yi dariya, Hamad ya kashe wayar.

Ya dawo ya zauna. Mai lemon ta tafi, ɓawon na nan a kan benci.

"Na ce masa ya dakata," in ji shi. "Ba lokacin wannan ba ne."

"Tarig ba ya iya magana a hankali. Har nan na ji mabruk ɗinsa." Ta gyara zama. "Da ni ce kai, shi zan ɗauka. Ban ce ka yi kuskure ba."

Wata ma'aikaciya ta leƙo ta kira sunanta, ta miƙo takardar. Hamad ya karɓa ya ninke, ya kama hannun matarsa ta miƙe.

"In mun koma ka hau sama ka kwanto min kujerar nan," ta ce suna tafiya. "Soson da ka sa mata mai laushi ne. Kujerun ɗakinmu ƙashi suke ci min yanzu."

Ya ce to. Kafin su kai bakin matakala, ba tare da ya so ba, ya riga ya cire nauyin kujerar daga na jirgin, ya ga zai sami wurin ƙarin fetur.