Mai Askin da Ya Yarda da Kowa

Shekara goma sha tara Mai Aski ya yi a shagonsa mai kujera ɗaya, benci ɗaya da madubi mai tsaga a gefe, kuma bai taɓa musa wa wanda kansa ke hannunsa ba. In ka ce gwamnati ta lalace, sai ya ce, "Haka yake." In na bayanka ya zauna ya ce ba a taɓa yin gwamnati kamar wannan ba, sai ya kaɗe ƙyalle ya ce, "Haka yake, kowa ma abin da yake faɗa ke nan." Shi a ganinsa ladabin sana'a ne. Ragwanci ne, sai dai ba wanda ya taɓa gaya masa.

Mutum biyu ne suka riƙe shagon. Direba, shugaban 'yan tasha, da safe yake zuwa, kuma inda ya yi aski nan direbobi talatin ke yi. Tela da yamma yake zuwa, 'yan layinsu na kasuwa suna biye da shi. Direba yana bayan shugaba mai ci, Tela yana bayan sabon ɗan takara. Ba su taɓa haɗuwa a shagon ba.

Saura kwana shida zaɓe, motar Direba ta kwana a gareji, bai samu zuwa ba sai yamma. An aske masa rabin kai ke nan Tela ya ɗaga labule.

"A'a, manyan tasha!" in ji Tela, yana zama a benci. "Ana gyaran kai don zaman makoki ne? Mutuminku dai ya kusa tattara kayansa."

Direba ya yi dariya ta cikin madubi. "Ka tsaya a kan zare da allura, ɗan'uwa. Unguwar nan kaf tamu ce. Tambayi Mai Aski, shi ke jin bakin kowa."

"Mai Askin? Ai shi ya ce min kowa ya gaji da ku."

Mai Aski ya kashe injin askin.

"Yaushe ya faɗa maka?" Direba ya tambaya, ba dariya yanzu.

"Makon jiya. A kan kujerar nan."

"Ni kuma shekaranjiya da na biyo gaishe shi ya ce min kowa na wajenmu." Direba ya juyo da rabin kansa. "Malam, da bakinka na tsaya gaban 'yan tasha. Mutum bakwai suna ɗari-ɗari, na ce musu kada su ware kansu, wanda ke taɓa kan kowa ya ce kowa na wajenmu. Suka dawo."

"Ranka ya daɗe, ai hira ce kawai..."

"Hira?" Tela ya miƙe. "To bari in tuna wata hirar. Ran da na zagi kansila a nan, bayan kwana uku aka zo aka ce rumfata ta shiga titi. Daga ni sai kai a shagon."

"Ni ma nan na faɗi inda za mu liƙa hotuna," in ji Direba, "gari ya waye an yayyage su."

Mai Aski ya rantse. Bai kai maganar kowa ko'ina ba, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ya ga idanunsu suna yawo a shagon, suna tsayawa kan fentin bango, kan fanka, kan injin da ke hannunsa.

"Sabo ne wannan," in ji Tela. "Wa ya saya maka?"

"'Yata ce ta aiko min."

"Allah ya yi wa 'yar albarka. Wace jam'iyya take yi wa aiki?"

Direba ya fizge ƙyallen daga wuyansa. "A bar kewaye-kewaye. Kai wa za ka zaɓa? Faɗi a gabanmu mu biyu."

Mai Aski ya san abin da ke gabansa. In ya ce mai ci, kasuwa ta tafi. In ya ce sabo, tasha ta tafi. Tasha ta fi yawa, kuma har bakinsa ya fara karkata can. Sai ya tsaya ya leƙa cikin kansa, ko akwai abin da yake nasa. Ya tarar da muryar Direba, da ta Tela, da ta mai rediyo, da ta wani tsoho da ya rasu tun bara. Tasa ce babu.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban taɓa zama na yi tunani ba. Kowa ya zo da tasa, ni kuma in mayar masa da ita."

Direba ya dube shi sama da ƙasa. "Mutum mai furfura ya ce bai sani ba? An dai hana ka faɗa." Ya kifa hula a kan rabin askinsa ya fita.

Tela bai fita nan take ba. Ya koma benci, ya daɗe yana kallon gashin da ke ƙasa.

"Ka san ni ma da farko ban tsayar da kowa ba," ya ce a hankali. "Na zo na gwada magana a bakinka, ka ce kowa haka yake faɗa. Daga nan na tsaya, na tsayar da matata da ƙannenta. To ni wa na bi ke nan?"

Tela ya tashi da sumarsa ya tafi.

Washegari benci ya wuni ba kowa. Ta ƙofa yana ganin direbobi suna tsallaka titi zuwa wani shago. Sai can da rana wani dattijo baƙo ya shigo, ya zauna, ya ce, "Duk cikin 'yan takarar nan babu na zaɓe, ɓarayi ne."

Maganar nan ta shekara goma sha tara, "Haka yake," ta taso har maƙogwaro. Mai Aski ya haɗiye ta.

"Baba, me ka gani da idonka ya sa ka ce haka?"

Dattijon ya ɗago, ya ƙura masa ido ta madubi, ya riƙe hannun kujera.

"Wa ya aiko ka ka tambaye ni?"