Lanhon Matattu

Shekarar da kuɗin gyaɗa ya faɗi, Nomau mutumin Gaffati ya binne matarsa Inno da ƙanensa Ado cikin mako guda. Sanƙarau ne ya ɗauke su. Saura shi da tsohuwarsa Kaka, wadda ba ta gani sosai.

Da lokacin girbi ya yi, mai gari ya aiko masa cewa lanhonsa, wato harajin kai, na mutum huɗu ne. Nomau ya taka har Zinder, ya wuni a ƙofar biro, wato ofishin gwamnati, kafin a shigar da shi wurin Tahiru, magatakardan da ke riƙe da littafin ƙidaya.

"Malam, biyu sun rasu," in ji Nomau. "Na zo a soke sunansu."

Tahiru ya buɗe littafin, ya bi layi da yatsa. "Ga su nan. Inno, Ado."

"Ni na saka su a rami."

"Ban ƙaryata ka ba. Amma an riga an tsara kasafin bana a Yamai da yawan kawunan da ke cikin littafin nan. Gwamnati ta ci bashi ta yi hanya, tana sa ran gyaɗa za ta biya. Gyaɗa ba ta biya ba. Kumandan, Baturen mulki, ya ce kada a soke kai ko ɗaya sai an sake ƙidaya."

"Yaushe ke nan?"

"Babu kuɗin ƙidaya a kasafin."

Nomau ya sayar da gyaɗar iri da jakinsa, ya biya na mutum uku. Saboda na huɗun, masu tsaron bariki suka zo ƙauye suka zaunar da shi a rana tun hantsi har la'asar, da dutse a kansa. Kaka ta lallaɓo da ƙwaryar ruwa, ɗayansu ya karɓa ya wanke ƙafafunsa da shi. A ranar aka buɗe rumbu aka kwashe geron.

Kaka ba ta kai damina ba.

Bayan shekara biyu aka samu mulkin kai. Nomau ya ji an ce Turawa sun tafi, ya sake takawa Zinder. Ya tarar Tahiru ya koma kujerar babban biro, ya yi ƙiba.

"Ranka ya daɗe, yanzu uku ne suka rasu."

"Turawan sun tafi sun bar mana bashin," in ji Tahiru, bai ɗaga kai ba. "An ma ƙara dala goma a kan kowane kai. Ƙasa sabuwa ce, kowa ya yi haƙuri."

Nomau bai koma Gaffati ba. Ya bi wasu fatake ya tsallaka iyaka ta Magarya. Da lokacin lanho ya zo, mai gari ya raba kawunan gidansa huɗu ga maƙwabta. Biyu suka faɗa kan Hajara, wata gwauruwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, ita aka zaunar a rana.